Yara uku, gidan bene, babu tsakar gida: yaya kuke yi da fita shan iska?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum iyaye. Shawara nake nema, musamman a wurin waɗanda ke renon yara a tsakiyar birni, a gidan da ba shi da fili.

Yarana uku. Ilham shekararta 9, ƙanenta 5, sai auta mai shekara ɗaya da rabi. A hawa na uku muke zaune, kana saukowa daga matakala ka buɗe ƙofa sai titi da motoci. Babu inda yaro zai sheƙa da gudu bai yi karo da kujera ba. A mota ake kai su makaranta, a mota ake ɗauko su, in sun gama aikin gida kuma sai talabijin, ko su yi ta rigima a kan wayata.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne idon Ilham. Malamarsu ce ta lura tana ƙanƙance ido idan tana kallon allo. Muka je aka duba, aka ce ba ta ganin nesa sosai, aka rubuta mata tabarau. Likitan ya ce in dage da fitar da su waje su riƙa samun hasken rana, dukkansu ukun, amma da yake mutane sun yi yawa a ranar bai samu sukunin yi min bayani ba.

Ba wai ba ma fita ba ne. Akwai babban wurin shaƙatawa a can ɗaya gefen garin, mai tafki da lilo da hanyar keke, kuma yaran suna matuƙar son sa. Sai dai zuwa can hidima ce ta yini guda: shiri tun dare, cunkoso a hanya, a dawo kowa ya gaji yana kuka. Shi ya sa sai can ba a rasa ba muke zuwa. Mahaifinsu aikinsa ba ya barin sa ya dawo da wuri, don haka yawanci ni kaɗai ce. Muna shiga Ilham za ta ja kekenta ta yi gabas, ƙanenta ya nufi ƙarfen da ya fi kowanne tsawo ya fara hawa, auta kuwa ba ta da wurin zuwa sai bakin ruwa. Kafin mu tashi maƙogwarona ya bushe da "sauko!" da "dawo nan!"

Akwai wani ɗan fili kusa da mu, ba zai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba. Bishiyoyi ne 'yan kaɗan da benci da lilo biyu, ɗayan ma sarƙarsa ta tsinke. Gani nake babu abin da yaro zai yi a can.

Mene ne haɗin ido da fita waje? Wane lokaci ya fi dacewa, tunda ina tsoron kada rana ta yi wa auta illa? Kuma ku masu yara da tazarar shekaru, yaya kuke yi da su idan babba ɗaya ne a wurin? Na gode.

Ummu Khalil:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, bari in fara da maganar ido tunda ita ce ta kawo ki.

Idon yaro girma yake yi tare da sauran jikinsa. Idan ƙwayar idon ta yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu tun kafin ya kai bangon bayan ido. Shi ne za ki ga yaro yana ganin allo dishi-dishi alhali littafin hannunsa tar yake ganinsa. Masu bincike sun lura haske mai ƙarfi yana rage saurin wannan tsawon, kuma bayanin da suka fi karkata gare shi shi ne hasken yana sa ido ya saki wani sinadari mai suna dofamin da ke taka masa birki. Hasken falo, ko duka fitilun kika kunna, bai kama ƙafar na waje ba. Ko a inuwar bishiya yaro ya zauna, abin da idonsa ke samu ya ninka na ɗaki sau da yawa, don haka ba sai an shanya shi a rana ba.

An gwada abin a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Makarantun firamare 12 aka ɗauka, rabi aka ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta, rabi aka bar su yadda suke. Bayan shekara uku, kimanin kashi 30 cikin 100 na masu fita ne suka kamu da rashin ganin nesa, ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 40. A 2015 aka fitar da sakamakon. Taiwan ma tun 2010 take ƙarfafa wa makarantunta yara su samu minti 120 a waje kullum saboda wannan matsalar.

Amma in gaya miki gaskiya, amfanin fita ya fi bayyana wajen hana matsalar farawa. Ilham ba za ta ajiye tabarau don tana fita ba, ki ci gaba da kai ta ana duba ta. Ƙannenta ne za su fi cin ribar abin, shi ya sa likitan ya ce dukkansu ukun.

Ki kuma lura, duk waɗannan alƙaluman na kullum ne. Haka ma ta fuskar motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa shi haki, ɗan shekara 1 zuwa 4 kuwa minti 180 na kai-komo a warwatse cikin yini, kuma kada a bar shi ɗaure a keken jarirai ko a kujera fiye da awa ɗaya a jere. Yini guda a wata ba zai biya wannan ba komai kyan wurin. Ɗan filin nan da kika raina shi ne maganinki. Babban wurin ki bar shi sai ranar da mahaifinsu yake gida.

Batun lokaci, hasken da ke ƙona fata ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ranar makaranta ku fita da la'asar, ranar hutu da sassafe. Hula, tufafi marasa nauyi, ruwa kuma kada ki jira sai sun ce suna jin ƙishi, don yaro in wasa ya yi daɗi mantawa yake yi. In kika ga ya yi laushi, yana kukan ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, ki kai shi inuwa, ki sassauta masa kaya, ki jiƙa masa jiki, ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya suma, asibiti kai tsaye. Idan kuma kuna da sauro, ku tashi kafin magariba.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin bayaninki shi ne auta da bakin ruwa. Yaro ƙarami ba ya ihu idan yana nutsewa, ba ya fantsala ruwa, shiru abin yake faruwa, kuma ko ruwan da bai kai gwiwarki ba ma ya isa ya nutsar da shi. Matuƙar akwai ruwa a wuri, kada ta yi nisan da hannunki ba zai kai gare ta ba. Sannan kada ki ɗora ta a cinya ku sulalo tare daga abin zamiya. Iyaye suna ganin kariya ce, amma takalmin yaron kan maƙale a gefe, nauyin babba ya ci gaba da turawa, ƙashin ƙwauri ya karye. Muna ganin irinsa. Ki taɓa ƙarfe ko robar abin wasa da bayan hannunki kafin su hau, don wanda ya sha rana yana ƙona fata. Ilham ta sa hular kwano a kan keke, amma ta cire kafin ta hau kayan wasa, saboda hular ko igiyarta na iya maƙalewa ta shaƙe ta. Haka igiyar wuyan riga. Ranar da kuka je da mota kuwa, ko barci auta take yi ki fito da ita. Cikin minti 10 zafin cikin mota a rufe na iya ƙaruwa da digiri 11, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar.

Baban 'Yan Biyu:

Anti Ummu Khalil ta gama magana a kan ruwa da mota, ba ni da abin ƙari. Ni a kan ɗan shekara 5 ɗin nan zan tsaya, Maman Ilham, don ina ganin ya kamata ki bar shi ya hau.

Tagwayena maza ne, shekararsu 7. Ƙa'idata da su ɗaya ce tun suna ƙanana: ba na ɗaga yaro in ɗora shi inda bai hau da kansa ba. Wanda ya hau da hannunsa da ƙafarsa ya san hanyar da ya bi, galibi kuma ya san ta saukowa. Wanda aka ɗora shi ne yake daskarewa a sama.

Aikina shi ne in riga su duba wurin. Me ke ƙarƙashin abin hawan? In yashi ne mai kauri ko shimfiɗar roba, bismillah. In siminti ne ko ƙasa mai tauri, ba a yin sama a nan. Akwai fasasshiyar kwalba, ƙusa a waje, ƙarfe mai tsatsa da ya kusa karyewa, ko tsagar da kan yaro zai shiga ya kasa fita? Waɗannan yaro ba zai gane su ba, nawa ne in kawar. Amma tsawo yana ganinsa da idonsa, shi zai auna ko zai iya. Ƙungiyar likitocin yara ta Kanada ta fitar da matsaya a 2024 a kan wannan bambancin, tana ba iyaye shawara su kawar da haɗarin da yaro ba ya gani, su bar masa wasan da ke da ɗan tsoro a ciki. Wata mai bincike a Norway, Ellen Sandseter, ta zauna ta kalli yara suna wasa, a 2007 ta kasa irin wannan wasan gida shida. Hawa sama da gudu mai tsanani da kokawa da ɓuya daga idon manya duk suna ciki. Yaronki ba rashin ji yake yi ba, abin da shekarunsa ke nema ke nan.

Kuma ihun "sauko!" kansa yana iya kayar da yaro, don waigowa zai yi a firgice. Ki matsa kusa, ki yi shiru na ɗan lokaci ki gani. In dole sai kin yi magana, ki tambaye shi cikin murya ta yau da kullum: "Ina za ka sa ƙafarka yanzu?" ko "Reshen nan zai ɗauke ka kuwa?" Za ki sha mamakin yadda zai tsaya ya girgiza reshen ya gwada.

Maganar babu abin yi a ɗan filin kuwa, idon babba ne ke ganin haka. A 1943 an buɗe wa yara wani fili a Emdrup da ke birnin Kopanhagen na Denmark, babu komai a ciki sai katakai da bulo da tarkace, saboda mai tsara lambuna C. Th. Sørensen ya lura yara sun fi son wasa a wuraren gini fiye da filayen da aka ƙawata musu. Nawa yaran, sanda da dutse da tudun ƙasa sun fi ɗauke musu hankali fiye da lilo.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, yanzu na fahimci abin da likitan yake nufi. Baban 'Yan Biyu, maganarka ta shige ni, amma ga inda gizo ke saƙar: in na matsa kusa da mai hawa, wa zai riƙe auta? Na so in ce Ilham ta riƙa kula da ita, sai kuma na ga ita ma wasan take buƙata. Sannan in tana gudu da tabarau ba zai fashe mata a fuska ba?

Kakar Yara:

'Yata, na daɗe ina koyar da 'yan nazare kafin in yi ritaya, kuma mu da muke fita da aji guda ba yawan idanu muka fi ki ba, tsari ne kawai.

Kada ki ɗora wa Ilham renon auta. Yarinya 'yar shekara 9 za ta iya miƙo miki ruwa, za ta iya wasa da ƙanwarta a gabanki, amma nauyin rai ba nata ba ne. Ƙawarta na kiran ta ta manta, in wani abu ya faru kuma ta ɗauki laifin a ranta har girmanta. Auta taki ce. Idan ɗan'uwanta zai hau, ki ɗauke ta a hannu ku je ku tsaya tare. Hawan ba ya daɗewa, yana sauka ki sauke ta ta ci gaba da tattakinta.

Ranar farko kada ki sake su daga shiga. Ku zaga filin tare, ki nuna musu iyaka da abin da ido ke gani: daga bishiyar can zuwa bencin nan, ba a wuce shi. Ki ce musu, "In ba ku ganina, ni ma ba na ganinku, ku dawo." Yara suna riƙe wannan fiye da dogon gargaɗi. Ke kuma ki zaɓi wurin zama tsakaninsu da ƙofa ko titi, yadda duk mai fita sai ya bi ta gabanki. Ki sa musu riguna masu launi mai ɗaukar ido. Wayarki ta zauna a jaka.

Ranar zuwa babban wurin, ki ɗauki hotonsu kafin ku bar gida, don in ɗaya ya ɓace kina da abin nunawa da kayan da ke jikinsa. Manyan biyu su haddace lambar wayarki da cikakken sunanki, ba "Mama" kawai ba. Ki koya musu in sun rasa ki su tsaya cak inda suke, su nemi taimakon ma'aikacin wurin ko wata uwa mai yara, kada su bi kowa zuwa waje.

Abin da ke kashe wa uwaye gwiwa shi ne shiri, don haka ki kashe shirin. Jaka ɗaya ta zauna a bakin ƙofa kullum: gorar ruwa, filasta, tsumma, kayan canjin auta, ƙwallo, alli. Kowa ya zaga bayi, a sa takalmi, a fita. Rabin awa ma fita ce. Kafin tashi ki sanar da su saura kaɗan, kowa ya zaɓi abu ɗaya na ƙarshe. Ku tashi tun suna marmarin wurin, kada ki jira sai gajiya ta kawo kuka.

Ki ba ɗan shekara 5 ɗin ƙaramin gwangwani ya tara ganye da tsakuwa, ku bi layin tururuwa ku ga inda ya ƙare. Ilham ta zaɓi bishiya ɗaya ta zama tata, ta riƙa lura da lokacin da take fure da lokacin da take kaɗe ganye, ta riƙa ƙirga tsuntsayen da ke sauka can ƙololuwa. Auta dai ki sa ido a bakinta, komai ta tsinta can za ta kai.

In kuna zuwa a lokaci ɗaya kullum, ba za a daɗe ba za ki fara ganin fuskoki iri ɗaya. Ki yi sallama da wata uwa. Ku biyu, ɗaya na tare da ƙanana ɗaya na bin manya, kowa ta huta.

Abu Safwan:

Ni aikin tsara birane na karanta, kuma filin da kika kwatanta shi ne irin wanda muke faɗa a kansa. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kowane gida ya kasance da fili mai tsirrai da bai fi nisan mita 300 ba, saboda wurin da sai an shiga mota mutane ba sa zuwansa sai jefi-jefi. A Bogota ta Kolombiya, tun 1974 aka fara rufe wasu tituna ranar Lahadi ana bar wa masu keke da masu tafiya a ƙafa, yanzu sun haura kilomita 100. Wasa kuma haƙƙi ne da sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya ambata, don haka neman gyaran lilo ba roƙon alfarma ba ne. Ki ɗauki hotonsa, ku haɗu iyaye kaɗan ku rubuta wa hukumar da ke kula da wurin a takarda, ku ajiye kwafi. Filin da ake gani da yara kullum ya fi samun gyara. Kafin nan ki naɗe tsinkakkiyar sarƙar a sama inda hannun yaro ba zai kai ba.

Hanyar zuwa ma a kula da ita. Yaro ƙasa da shekara 10 bai gama iya auna gudun mota ba. Ɗan shekara 5 hannunsa a naki, ta ɓangaren da ba na titi ba, Ilham kuma ta tura kekenta da hannu har ku shiga.

Ummu Khalil:

Mama Kakar Yara ta ba ki abin da ba a koyarwa a makarantar jinya. Batun tabarau, ta sa shi lokacin wasa, don in ta cire ne ba za ta ga rami ko ƙwallo na zuwa ba. Ki tambayi inda aka yi mata ko gilashin na roba ne mai jure bugu, irin wanda ake yi wa yara; in ba shi ba ne a canza. Ki sa masa maɗauri mai roba da ke kama bayan kai, ba igiya mai lilo a wuya ba.

Na manta ban faɗa ba ɗazu: kuna jin tsawa ku bar filin ku shiga gini ko mota mai rufi. Ba a fakewa a gindin bishiya, kuma sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe a sake fitowa.